Gandun Baba, daga hannu zuwa hannu

3 Fabrairu 2024

Baba ya aiko a kira ni. Bai buga waya ba, saƙon baki ya ba direban da ke jigilar ƴan kasuwar Cadawa, shi ya sa tun kafin in hau babur na san ba maganar kuɗin magani ba ce. Na tarar da shi a rumfar zana yana tufkar igiyar kaba, hannu na aiki, ido na kallon wani wuri daban. Yana ta rufe masa idon hagu, na dama ma ya fara hazo. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, bana ba ni zan ja gandu ba." Haka yake kirana, wato monsieur na Faransanci da ake ce wa malamin boko, tun da na fara koyarwa a Maraɗi. Ni ne ɗan fari, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Ya ce ƙanena na biyu zai riƙe, ɗan Inna ƙarama, wanda bai taɓa barin gari ba sai cin rani sau biyu a Kano. Na ce to, Allah ya sa albarka. Amma a hanyar komowa abin ya tsaya mini a ƙirji har na wuce Cadawa. Shekara ashirin ke nan rabona da yin noman fari da maimai a jere, hannuna ya yi laushi da alli, na kuma san gaskiya Baba ya faɗa. Duk da haka ɗan fari yakan so a fara tambayarsa, ko da zai ce a'a. Na sayi littafi mai shafi ɗari biyu a bakin tasha. Abin da Baba ya ɗora mini shi ne rubutu: iyaka, itatuwa, bashi, da wanda ya ce me a gaban wa.

17 Fabrairu

Mun zaga iyaka, ni da Baba da mai gandu (haka zan riƙa kiransa a nan) da autanmu, wanda ke karatun aikin gona a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Auta ya riƙe waya yana auna faɗi, Baba ya riƙe kafaɗar jikansa.

Gonaki uku ne: babbar jigawa, ta bayan gari, da ɗan yankin fadama. Duka hekta biyar da rabi da ɗan ɗori, har da wadda ke hannun jingina. Kakanmu shi kaɗai ya noma abin da ya ninka wannan sau huɗu, don shi da gatari ya sari daji. Aka raba wa Baba da ƴan uwansa, kowa ya samu nasa. Yanzu mu tara ne, maza huɗu, mata biyar. Daren nan na zauna na yi lissafin da kowa ke gudu: in aka fitar da tumunin matan Baba, aka kasa saura kashi 13, namiji zai tashi da abin da bai cika hekta ɗaya ba, mace da rabin wannan. Mai gandu kaɗai yana da ƴaƴa shida. Babu sauran dajin da za a sara daga nan har Tasawa, gona na jingine da gona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yadda Baba ya san iyakarsa ne. Wayar auta tana nuna layi, shi kuwa yana tafe yana cewa, "Daga kututturen aduwa ka miƙe sai tushen gamba na bakwai, can ka karya hagu, akwai turmin da ya fashe, ni da uban maƙwabcinmu muka binne shi shekarar da aka yi yunwar Buhari." Muka tona da hauya, kamu biyu sai ga bakin turmi. Tun 1984 yake kwance a wurin. Duk cikinmu babu wanda ya san da shi, ɗan maƙwabcin ma bai sani ba, ga shi kuma layin gamban ya gusa taku uku cikin tamu. Ba mu ce komai ba ranar. Na rubuta.

2 Maris

Ranar sassabe. Mun ƙirga itatuwan babbar jigawa: gawo 31, sai kalgo da sabara da aduwa da magarya, da tsamiya guda da kuka biyu. Baba ya ce lokacin da yake saurayi gonar nan fes take kamar tsakar gida, don manomin kirki a wancan zamani shi ne wanda bai bar ko tsiro ba. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, sai a shuka sau uku kafin ta kama. Bayan fari na 1984 ne wani bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya riƙa bin ƙauyuka yana nuna wa mutane cewa kututturen da suke sarewa kowace shekara itace ne mai rai, saiwarsa na ƙasa. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura, a bar su su tashi. Shi ne sassaben zamani. Baba ya ce shekarun farko dariya ake yi masa, ana cewa ƙazamin manomi.

Na tsaya ina kallon yadda yake koya wa mai gandu, alhali mai gandu ya fi shekara goma sha biyar yana sassabe. Baba ya durƙusa gaban wani kalgo, ya laluba rassan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wannan ka bari, ya fito daga gindi. Wancan ƙarya yake, daga tsohon sara ya tsiro, iskar bazara ɗaya za ta ɓalle shi." Ya kuma ce a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Kan gawo kuwa gargaɗi ya yi da babbar murya. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Hatsin gindinsa kullum ya fi na fili tsawo. "Duk ranar da ka ji yunwa har ka yi tunanin sayar wa mai itace gawo, ka zo ka faɗa wa yayanka tukuna." Ya nuna ni da haɓa. Wannan ne karo na farko da na ji ina da wani matsayi a cikin lamarin ban da riƙe biro.

13 Afrilu, bayan ƙaramar Sallah

Taron gida. Kowa ya zo sai mai bi mini da ke wajen haƙar zinari a arewacin Agadas, shi aka sa a waya. Ƙannena mata biyar duk sun zo, biyu da goyo. Baba ya gayyato liman.

Tun farko liman ya warware abin da ya ɗaure mana kai. Ya ce ba a rabon gadon mai rai. Abin da mutum ya bayar yana raye kyauta ce, kuma ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Ya tuna mana labarin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da adalci tsakanin ƴaƴa. Saboda haka Baba ba zai iya cewa gona ta zama ta mai gandu ba. Abin da zai iya ba shi shi ne ragama: shi zai ce ga abin da za a shuka, ga ranar da za a fita, shi zai buɗe rumbu.

Nan Innata ta yi magana daga bayan zana, murya ƙasa ƙasa, ta ce wanda ya riƙe hauya shekara goma, ranar rabo wa zai iya ce masa saki? Zauren ya yi tsit. Ƴan ubanci ne ya leƙo, ba kuma zan ce ba ta da hujja ba, don mun ga gidajen da haka ta faru. Mai gandu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, a rubuta cewa riƙo ne, ba mallaka ba. Yaya ya rubuta, ni zan dangwala." Na rubuta, ya dangwala.

Sai maganar mata. A nan yankin kowa ya san yadda take kasancewa: gona ta yi kaɗan, sai a fara janye gamanar matan aure, wato ɗan yankin da ake ba mace ta noma wa kanta, ranar gado kuma a ba ɗiya mace ɗan kuɗi ko akuya a ce ai tana gidan miji, ko a ce rabonta na hannun yayanta, ya zauna can har abada. Babbar ƙanwata ta ce, "Baba, ni mijina gonarsa ba ta ciyar da mu wata biyar. Ba na son a ajiye mini, ina son in shuka." Na goyi bayanta, na kuma faɗa a fili cewa abin da Allah ya yanka wa mace ba alfarmar ƴan uwanta maza ba ne. Wayar Agadas ta yi ƙorafi, ya ce in ƙasa ta bi mata ta tafi gidan wasu. Baba ya ce masa, "Ƴaƴanta ba jikokina ba ne?" Daga nan bai sake cewa komai ba.

Aka tsaya a kan haka: babbar jigawa da fadama su zauna dunƙule a matsayin gandu. Gonar bayan gari a yanka ta gamana, kowace ɗiya da nata yanki da sunanta, aro daga Baba, matan gida kuma nasu na nan yadda yake. Rabon gado sai ranar da Allah ya kawo, bisa shari'a. Ni da na Agadas za mu riƙa sa kuɗin taki da na ƴan ƙwadago, a ba mu dami da kaka.

4 Mayu

Jingina. A 2005, da fara da ƙarancin ruwa suka haɗu buhun hatsi ya doshi jika 30, wato sefa dubu 30, Baba ya jinginar da yankin gabas na jigawa ga wani ɗan kasuwa, ya karɓi jika 150. Shekara 19 mutumin yana noma ta. Babu takarda. Cikin shaidu uku, biyu sun rasu, na ukun tsoho ne da ba ya fita. Mun je mun same shi kwance, ya ce ya tuna sarai, jingina ce ba saye ba, ya faɗa a gaban maigari, auta ya ɗauki muryarsa a waya. Da mun yi jinkirin shekara ɗaya, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Ɗan kasuwar bai yi musu ba, amma ya ce ya riga ya zuba taki bana, a bar shi ya ci wannan damina. Muka yarda. Kuɗin mun haɗa: ni jika 60, na Agadas 50, mai gandu ya sayar da tunkiya biyu, ƙannena mata biyu suka ɗauko sauran daga asusunsu na Mata Masu Dubara. Da suka ajiye kuɗin a tabarma na dubi wayar da ke gefe, na so a ce na Agadas yana gani.

25 Mayu

Mun kai maganar gaban hukumar filaye ta gari, wadda ake kira Kofob. Maigari ne shugabanta, akwai magatakarda, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Tsarin ya samo asali daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce, ana iya rubuta ta. Sama da ta gari akwai ta kwamin, wato ƙaramar hukuma, ƙarƙashin magajin gari, sai ta gunduma ƙarƙashin parfe, shugaban gunduma. Mun nemi takardar shaidar mallakar gargajiya da sunan Baba, da takardun aro na ƙannena mata, da takardar fansar jingina.

Sai da aka kira duk maƙwabta aka sake zaga iyaka. Da aka zo wurin turmi ɗan maƙwabcinmu ya ga bakinsa da idonsa, ya yi shiru, ya ce bai sani ba, na kuma yarda da shi. Aka maido da gamba inda take.

Amma a gefen arewa mu aka kama. Wakilin makiyaya, wani dattijon Bafillace, ya tsaya ya ce burtali a nan ya fi haka faɗi. Na juya ina jiran Baba ya musa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Gaskiya ne. Kunya huɗu na ci, shekara da shekaru, kaɗan kaɗan." Na ji nauyi ƙwarai, don ban taɓa zaton haka daga gare shi ba. Ya ce wa mai gandu, "Ka mayar. Kada in bar maka faɗan da ni na haƙa." Mutanen jihar nan ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, sun san inda rikicin gona da shanu yake kaiwa. An kafa duwatsu a sabon layi.

22 Yuni

Ruwan shuka ya sauka bayan Layya. Gardamar farko ta sabon mai gandu a kan iri ce. Auta ya kawo HKP, irin hatsin da ke nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, wanda ake samu ta hannun masu binciken noma na INRAN da ke Tarna. Baba kuwa zangonsa yake so, mai doguwar zangarniya, wanda ya gada daga kakanmu, ya ce karansa ya fi yin zana da rumbu, furarsa ta fi gardi. Duka biyu suka juya suna kallon mai gandu. Ya ce kashi biyu HKP, kashi ɗaya zango a gindin gawo inda ƙasa ta fi ƙarfi, wake a tsakani, a kuma sa taki cikin murfin kwalbar lemo a kowane rami kamar yadda auta ya nuna. Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe. Ya ɗauki sungumi ya sari rami uku na farko da bisimilla, ya miƙa masa, ya koma gindin tsamiya ya zauna.

Da yamma na same shi shi kaɗai. Ya ce, "Mushe, yin shiru ya fi noma wuya."

20 Yuli

An gama noman fari, an shiga maimai. Ƙuduji ya fito a kusurwar yamma inda ƙasa ta gaji. An tuge shi kafin ya yi fure, an ƙone. Babbar ƙanwata ta shuka gyaɗa da riɗi a gamanarta, ta kewaye da yakuwa. Ta biyu ta sa aya. Ta ukun aurenta na Gidan Runji, nesa, ta bar wa yayarta ta noma su raba.

1 Satumba

Shekaranjiya ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi irin wadda ban taɓa gani ba. Gidaje sun faɗi, an rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Katangar gidan da nake haya ta zube, amma mun tsira. A ƙauye fadama ta nutse gaba ɗaya, dawar da ke ciki ta tafi. Rumbu ɗaya ya jiƙe daga ƙasa. Mai gandu bai jira kowa ba, cikin dare ya tara matasa suka kwashe damman bara zuwa zaure. Sai da safe ya faɗa wa Baba. Baba ya ba ni labarin a waya, ya maimaita sau biyu cewa sai da safe aka faɗa masa, na kasa gane ko ƙorafi yake ko alfahari. Ina jin duka biyun ne.

19 Oktoba

Girbi ya kammala. Hatsin gandu dami 143. HKP ta riga ta nuna ta tsere wa murzuna, tsutsar da ke cin zangarniya, zango ya ɗan taɓu amma zangarniyarsa ta gindin gawo ta kai tsawon hannuna har da ɗori. Wake ya sha ruwa, bai yi yadda aka so ba. An fitar da zakka, ɗaya cikin goma, kafin a ɗaga ko dami guda zuwa rumbu. Gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a wannan wata, ƴan kasuwar da suka saba kwasa zuwa Jibiya sun ja baya, mai gandu ya ce ba zai sayar da ko tiya ɗaya yanzu ba, waken kuma a zuba shi a buhu mai ninki uku a jira bazara.

A gidanmu ba wanda ke leƙa rumbun gandu sai Baba. Ko Inna ba ta san abin da ke ciki ba, abin da ya fito da shi da safe shi za a daka. Yau da aka gama jera damman, ya sa aka kira matan gida da mu duka, ya ce daga yau wanda ke son hatsi ga wanda zai tambaya. Innata ce ta fara miƙa ƙwaryarta. Mai gandu ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa.

14 Disamba

An saki gonaki. Dattijon Bafillacen nan na burtali ya sauka da shanunsa a kusurwar yamma, inda ƙuduji ya fito, zai kwana ashirin a ba shi hatsi, shanu su bar mana taki. Baba ya ce rabon da a yi haka a gonar nan tun kafin a haifi auta. Ɗan kasuwa ya kwashe amfaninsa ya saki yankin gabas, mun shiga mun tarar ba itace ko ɗaya, sai kututture. Mai gandu ya ƙirga goma sha bakwai masu rai.

Takardun Kofob sun fito, na yi kwafi uku, ɗaya wurina, ɗaya wurin mai gandu, ɗaya wurin babbar ƙanwata. Rajistar gunduma har yanzu ba ta kammala ba, sau uku ina zuwa. Na Agadas bai aiko da kuɗin takin baɗi ba, waya ma ba ta shiga. Aikin idon Baba an sa shi bayan sanyi.

4 Janairu 2025

Na je da niyyar mu yi lissafin shekara, na tarar da su a zaure an baje zangarniyar zango a tabarma, ana zaɓen iri. Mai gandu yana ɗauka yana miƙa wa Baba, Baba yana bin kowace da babban yatsa daga gindi har kai, yana jin ko ƙwayar ta cika ta matse, ko akwai hanyar tsutsa. Wadda ta yi ya ajiye dama, wadda ba ta yi ba hagu. Cikin ashirin na farko ya mayar da shida. Cikin ashirin na biyu ya mayar da biyu.

Ɗiyar babbar ƙanwata, ƴar shekara tara, tana zaune kusa da shi tana kallo. Ya kamo hannunta ya ɗora a kan wata zangarniya, ya ce, "Rufe ido. Me kika ji?" Ta ce akwai rami a tsakiya. Ya ce ta jefa hagu, ya miƙo mata wata.

Lissafin bai yiwu ba yau. Na rubuta adadin zangarniyar iri, 210, an ɗaure su dami biyu, za a rataye a ɗakin Inna ƙarama inda hayaƙi ke kaiwa. Asabar mai zuwa za mu fara sassaben yankin gabas.